Wane darakta ne gwaninku, wane ne kuma ba kwa iya kallon aikinsa?

Mai Gidan Kallo, Gezawa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau kan daraktoci nake so mu zauna, na gida da na waje, tun daga zamanin majigi har zuwa na YouTube. Wa kuka fi so, wa kuma ba kwa iya kallon aikinsa har ƙarshe? Sharaɗi ɗaya ne: kada mutum ya ce "wane ya iya" ya ja bakinsa. A kawo fim ɗin, a kawo fitowar, a faɗi abin da ya yi a wurin. Kuma aiki za mu duba, mutuncin kowa yana nan a wurinsa.

Baba Mai Majigi, Gumel:
Wa alaikumus salam. Ni Ramesh Sippy, saboda Sholay na 1975. Fim ne da ya haura awa uku, amma ku nemo mini fitowar da za a cire labarin ya tsaya da ƙafarsa. Ku duba yadda ya shigo da Gabbar, shugaban 'yan fashin fim ɗin. Ba fuskarsa aka fara nuna mana ba. Takalminsa aka nuna yana takawa a kan dutse, ɗamara tana jan ƙasa, yaransa uku suna tsaye kai a sunkuye. Kafin ka ga fuskar, tsoron ya riga ya shige ka. Sai kuma Thakur da yake yafe da mayafi tun farkon fim, ba a bari ka san ba shi da hannuwa ba sai da labari ya yi nisa. Darakta shi ne wanda ya san abin da zai ɓoye da lokacin da zai buɗe shi.

Ɗan Kyamara, Wudil:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙara maka da guda. Fitowar da matar nan mai takaba take kashe fitilu a baranda da magariba, shi kuma Jai, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, yana ƙasa yana busa. A allo mintuna kaɗan ce, amma kusan kwana ashirin aka yi ana ɗaukar ta, domin hasken da Sippy yake so na tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu ne, kuma wannan hasken ba ya daɗewa. Kullum ɗan abin da ya samu ake ɗauka, a dawo gobe. A nan wurinmu da wuya furodusa ya yarda a kashe yini biyu a kan fitowar da ba a magana a cikinta.

Malamar Hausa, Birnin Kudu:
Kafin ku tafi Indiya gaba ɗaya, ni Moustapha Akkad ne nawa, Allah ya jiƙansa. A The Message na 1976 ya ɗauki aikin da ya fi kowane wuya: tarihin farkon Musulunci ba tare da an ga Manzon Allah (SAW) ko an ji muryarsa ba. Halifofi huɗu ma bai nuna su ba. Sai ya sa masu magana su fuskanci kyamara cikin ladabi, su saurara, su amsa, wani wurin raƙuma ko sanda kawai za ka gani. Ya kuma ɗauki fim ɗin sau biyu a wuri ɗaya, na Larabci da na Turanci, kowanne da jarumansa. Hamza a na Larabci Abdullah Ghaith ne, a na Turanci Anthony Quinn. A fim ɗinsa na Umar Mukhtar na 1981 kuma, ku kula da tabarau ɗin tsohon. Tun yana karantar da yara ake nuna mana shi, har ranar da Italiyawa suka rataye shi tabarau ɗin ya faɗi, yaro ƙarami ya ɗauka. Ba wanda ya tsaya ya yi jawabi cewa gwagwarmaya za ta ci gaba. An gani, ya wadatar.

Mai Tura Finafinai, Dambatta:
Anti Malama, gaskiya ne, amma matasan da ke kawo waya a tura musu ba su san waɗannan ba. Rajamouli na Indiya, mai Baahubali, suke nema, ko da ba su san sunansa ba. Baahubali na 2015 ya ƙare a kan Kattappa ya soki ubangidansa, aka bar duniya shekara biyu tana tambayar dalili kafin na biyu ya fito a 2017. Abin da nake yaba masa shi ne yaƙinsa yana da taswira. Kafin a gwabza sai ya nuna maka inda kowace runduna take, da dabarar da aka shirya. Idan dabarar ta watse kana sane, domin an riga an gaya maka yadda ya kamata ta tafi. Ko a fassarar Hausa da aka sauya maganganu, hoton kaɗai yana ba da labarin.

Wanda ba na so kuwa Michael Bay ne mai Transformers. Ƙarafa biyu suna faɗa, kyamara ta matso dab da su, kafin ido ya zauna an yanke. A ƙaramin allon waya ba ka bambance wa ya daki wa.

Editan Ringim:
Wannan magana ta Bay tana da dalili na aiki. Duk lokacin da aka yanke hoto, ido yana buƙatar ɗan lokaci ya nemo inda zai kalla. Idan abin kallo yana gefen dama a wannan hoton, na gaba ya koma hagu, na bayansa ya koma sama, ido yana ta nema har faɗan ya ƙare bai ga komai ba. Ku gwada da Jackie Chan a Police Story na 1985, wanda shi ya ba da umarninsa da kansa. Yana ja da kyamara baya a ga mutum daga kai har ƙafa, dukan da faɗuwar duk a hoto ɗaya. Shi ya sa kake jin zafin dukan a jikinka. Saurin yanka sau da yawa ɓoye gazawa ne: jarumin bai iya faɗan ba, sai a rufe da almakashi.

Mai Gidan Kallo, Gezawa:
To a dawo gida. Kar a ce muna tsoron taɓa namu.

Baba Mai Majigi, Gumel:
Ba tsoro. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a Berlin a 2018. Duk mai son ganin yadda ake ɗaukar Bahaushe da rigarsa da dokinsa da zaurensa ba tare da gaggawa ba, ya neme shi. Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa kan auren mace fiye da ɗaya ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Mutanen nan da zaren fim na gaske, irin na majigi, suka yi aiki, wanda ake saye da tsada a kai wanki, kowane taku na zaren kuɗi ne. Dole mutum ya gama tunani kafin ya ce a kunna. Bidiyo ya zo da Turmin Danya a 1990 ya sauƙaƙa wa kowa shiga, alheri ne, amma sauƙin ya tafi da wannan tunanin a wurin da yawa.

Ɗan Kyamara, Wudil:
A na yanzu ni Aminu Saira nake ba wa. Labarina ya fara a 2020, kuma abin da na fi lura da shi shi ne yana ɗaukar fuskar mai sauraro, ba ta mai magana kaɗai ba. Ga yadda fitowar mutum biyu take idan an yi ta daidai: a ɗauki na nesa wanda ya haɗa su duka daga farko har ƙarshe, sannan a ɗauki ta kafaɗar wannan, sannan ta kafaɗar wancan, sannan fuskar kowanne kusa, sai ƙananan abubuwa kamar hannu yana murza carbi ko kofin shayi da aka ajiye. Fitowa ɗaya an ɗauke ta sau biyar ko shida ke nan. Mai gaggawa na nesan kawai yake ɗauka ya ce a tashi. Idan aka je tacewa, jarumi ya yi tuntuɓen harshe, babu inda za a yanka a gudu, sai a bar shi haka.

Akwai kuma maganar layi. Ka ja layi a ƙasa tsakanin mutum biyun, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin har a gama. Da ta tsallaka, a allo dukansu za su koma kallon ɓangare guda, kamar ba da juna suke magana ba. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba, amma zai ji fitowar ba ta zauna masa ba. Wannan kuskuren ya cika finafinan da ake sakewa duk mako.

Mai Sauti, Kazaure:
Ɗan'uwa ka yi bayani, sai dai ni da kunne nake auna darakta. Hoto mai ɗan duhu ana haƙuri da shi, sauti mara kyau minti biyu ake ba shi a kashe. A ƙauye abokan gabar sauti sanannu ne: janareta, injin niƙa, zakara, babur, da iskar hunturu. Janareta a kai shi bayan katanga, nesa sosai, a ja doguwar waya, kada a bar shi a tsakar gida ana cewa edita zai cire. Ba ya ciruwa, idan an matsa sai muryar ta koma kamar daga cikin rijiya. Injin niƙa kuwa a je a yi magana da mai shi tun jiya, a san lokacin da yake tayarwa. Makirufo a ɗaga shi a sanda, kamar taƙi biyu sama da kan mai magana, yana kallon bakinsa, a sa masa rigar gashi idan akwai iska. Wanda ake maƙalawa a jiki, shadda mai sitaci tana gogarsa tana ƙara, dole a naɗe shi a manne da kyau. Kafin a bar kowane ɗaki kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na sautin ɗakin, da shi ake cike gurbin da aka yanka. Kuma a tafa hannu gaban kyamara kafin kowace ɗauka don a haɗa baki da murya.

Darektan da ya ce "mun ji, a wuce" alhali mai sauti ya ɗaga hannu, shi ne wanda ba na so, ko wane ne shi. A wannan fannin ina yaba wa Salisu T. Balarabe a Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Ana jin kowace kalma, kuma ba a danne magana da kiɗa.

Malamar Hausa, Birnin Kudu:
Daɗin Kowa ya nuna cewa ana iya riƙe mai kallo shekaru ba tare da rawa da waƙa ba, da fuskokin da suka yi kama da mutanen unguwa. Amma bari in faɗi wanda raina ba ya so, kuma suna da yawa, shi ya sa ba zan kama suna ba: mai ɗaukar fim ɗin ƙauye bai san ƙauye ba. Yarinya tana daka da farcen kanti da jan baki, ta riƙe taɓarya a can sama, bugun ba shi da kari. Duk macen da ta taɓa surfe ta san ba haka ake yi ba. Ana cewa ana girbin dawa alhali gonar da ke bayansu kore shar take, damina tsaka. Gero ake fara yanka wajen Satumba, dawa sai sanyi ya fara shigowa. Ana nuna mai gari yana shari'a shi kaɗai ba liman ba dattawa. Mafi ciwo, baƙauye kullum shi ne wawa, da yagaggiyar riga, yana tsoron mota. Mutumin da yake lissafin taki da iri da kuɗin ƙwadago a ka, yake cinikin sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi aka mayar abin dariya. Ku kalli Majid Majidi na Iran a Children of Heaven, 1997. Yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suna karɓa-karɓa da nasa don zuwa makaranta. Ya shiga gasar gudu yana neman na uku saboda kyautar na uku takalmi ce, sai ya zo na ɗaya, ya tsaya yana hawaye. Talakawa ne ƙwarai, amma ba inda aka wulaƙanta su. Irin wannan labarin yana kowane gari a Jigawa.

Mai Tura Finafinai, Dambatta:
Anti, a nan zan ɗan saɓa miki. Finafinan barkwancin ƙauye mutanen ƙauye ne suka fi nemansu. Ba sa jin an zage su, dariya suke yi.

Malamar Hausa, Birnin Kudu:
Ƙanena, ban hana dariya ba. Falalu Ɗorayi yana ba da dariya a Gidan Badamasi, amma daga halin mutane take fitowa: kowane ɗa da irin kwaɗayinsa, uban da irin riƙonsa. Kuma ya iya tara mutum shida ko bakwai a hoto ɗaya kowa yana yin wani abu, ba su jeru kamar masu ɗaukar hoton biki ba. Abin da na ƙi shi ne dariyar da ba ta da tushe sai cewa mutumin daga ƙauye yake.

Baba Mai Majigi, Gumel:
'Yata ta faɗi gaskiya. Ni kuma nawa wanda ba na so shi ne mai kwafe fim ɗin Indiya fitowa bayan fitowa. Labarin can an gina shi a kan al'adarsu: sadaki daga gidan mace yake fita, bambancin ajin da aka haifi mutum a ciki yana hana aure, ɗan ƙanin uba ba ya auren 'yar wan uba a yawancinsu. Mu kuwa auren zumunci muke yi, namiji ke kai sadaki da lefe. Ka ɗauko rikicin ka dasa a Kano, dalilin rikicin ya ɓace, sai a ga mutane suna kuka ba a san abin kukan ba. Su kansu Indiyawan idan sun maimaita nasu ba tunani faɗuwa suke yi. Sajid Khan ya sake yin Himmatwala a 2013, na 1983 ya fi shi nesa ba kusa ba.

Mai Gidan Kallo, Gezawa:
Baba, amma waƙa fa? Sangaya da Wasila waƙa ce ta sayar da su, kuma har yau ana tunawa da su.

Baba Mai Majigi, Gumel:
Ba waƙa na ƙi ba, ɗana. A Sangaya waƙar tana cikin gidan sarautar da labarin yake, da kayan da suka dace da wurin. Wasila kuma ko ka cire waƙoƙin akwai labarin aure da cin amana da zai riƙe ka, Ishaq Sidi Ishaq ya san abin da yake ɗauka. Waɗanda suka biyo baya ne suka ɗauka waƙar ce sirrin, sai a fara yin waƙa uku sannan a nemo labarin da za a rataya musu. Gwajin mai sauƙi ne: tura waƙar gaba, idan ba ka rasa komai a labarin ba, ba wurinta ba ne. Yash Chopra ba a tura waƙarsa a Veer-Zaara, domin a cikinta labarin yake tafiya.

Editan Ringim:
Matsalar yanzu ma ta wuce waƙa, jan labari ne. YouTube yana bari a sa talla a tsakiyar bidiyo idan ya kai minti 8, kuma yawan makonni yawan kuɗi ne, don haka fim mai dogon zango ya zama abin da ake miƙewa. A ƙa'ida shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Shirin minti 40 yana son shafi wajen 40. Idan marubuci ya kawo 15, da me za a cike? Mota ta shigo, maigadi ya buɗe ƙofa, ta tsaya, a fito, a rufe, a taka har falo, a yi sallama, a gaisa da lafiya lau biyar, a kawo ruwa. Minti uku sun tafi ba a ce komai ba. Sannan wani ya je ya ba wa wani labarin abin da muka riga muka gani da idonmu. Gwanin darakta yana shiga fitowa a makare ya fita da wuri: a fara daga inda maganar ta ɗau zafi, a yanke da zarar an faɗi abin da ya kawo mu.

Dogon zango yana da wani haɗarin: jarumi ya tafi ana tsakiyar labari. Labarina ma sai da aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya. Maganinsa a rubuta zango ɗaya cikakke, a ɗauke shi gaba ɗaya kafin a fara saki, a kuma yi yarjejeniya a rubuce.

Ɗan Kyamara, Wudil:
Tunda an zo kan gyara, ga na haske ga masu zuwa ɗauka garuruwanmu. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana tana tsakar ka, ramin ido ya yi baƙi, hula ta jefa inuwa a goshi. A yi fitowar waje da hantsi ko bayan la'asar, tsakar rana a shiga ɗaki ko inuwar darbejiya. Farar shadda a rana tana ƙone hoto: idan ka saita don rigar, fuska ta yi duhu, idan ka saita don fuska, rigar ta zama fari fat ba aiki ba zare. A sa ruwan toka, ruwan ƙasa ko shuɗi mai haske, a mayar da haske fuska da farin kwali ko farin yadi. Ɗakin ƙasa yana shanye haske, fitila ɗaya ba ta isa, kuma kada a haska bango kai tsaye, a bi ta ƙofa ko taga yadda hasken zai zama kamar na Allah. Kyamara kuma a saita ta a hoto 25 cikin daƙiƙa, shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) a 1/50, saboda wutarmu mai bugu 50 ce. Da yawa suna zuwa da saitin Amurka na 30, shi ne ake ganin fitila tana rawa a hoto, balle idan janaretan ba ya tafiya daidai.

Mai Sauti, Kazaure:
A ƙara da mai kula da daidaiton kaya. Mutum ɗaya da littafi da waya, aikinsa kawai ya ɗauki hoton kowa kafin a tashi: karin hula, ɗaurin ɗankwali, hannun da agogo yake, inda shayi ya tsaya a kofi. Lalle shi ya fi tona asiri. A ɗauki rabin fitowa yau yana ja jawur, a ƙarasa bayan kwana goma ya koɗe, a allo kuma minti ɗaya ne tsakani.

Mai Gidan Kallo, Gezawa:
To ni har yanzu Rohit Shetty yana cika mini benci da Singham, duk da motocin da ke tashi sama ba dalili. Malam Edita, shi a wane layi za ka sa shi, na Bay ko na Rajamouli?

Editan Ringim:
Tsakiya, Alhaji. Yana nuna tashin motar a hoto mai faɗi, ana ganin komai, wannan ya fi Bay. Amma ba ya shirya maka dalilin tashinta kamar yadda Rajamouli yake yi, shi ya sa ta uku ba ta girgiza ka kamar ta farko. Ka lura da bencinka a kallo na biyu: wurin faɗan za su zauna, ko wurin da Singham yake fuskantar bos ɗin da baki a ofishin 'yan sanda?